Tafiyata Zuwa Kihansi, Gidan Kwaɗon Feshin Ruwa

Kafin a yarda in shiga ɗakin da ake renon kwaɗin a Jami'ar Darussalam, sai da aka sa na tuɓe takalmina a bakin ƙofa, na zura wasu na roba waɗanda ba sa fita daga ɗakin, na taka cikin wani faranti mai ɗauke da ruwan magani, sannan na wanke hannuwana har gwiwa. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni ta ce, "Malam, ka yi haƙuri da mu, su muke karewa daga abin da ƙafarka za ta iya kwasowa daga waje." Ɗakin yana da sanyi, iskarsa da danshi, kuma lokaci zuwa lokaci sai wani ɗan famfo ya yi tsaki ya fesa ruwa kamar hazo a cikin akwatunan gilashin da aka jera a kan kantoci. Na sunkuya gaban akwatin farko ina neman kwaɗo irin wanda idona ya saba gani, mai kauri da kirci a baya, ban ga komai ba sai gansakuka da ganye. Sai da ta nuna mini da ɗan yatsa sannan idona ya kama su. Ashe ga su nan birjik, wasu manne da gilashi, wasu a kan ganye, wasu sun hau bayan 'yan'uwansu, dukkansu launin ruwan ɗorawa da ɗan zane mai duhu a gefe, kuma babu wanda ya wuce gaɓar farko ta babban yatsana.

Wannan shi ne kwaɗon feshin Kihansi, wanda masana suka raɗa wa suna Nectophrynoides asperginis, kalmar ta biyu kuwa daga Latin aka ɗauko ta, tana nufin feshi. Macen, wadda ta fi girma, ba ta kai santimita 3 ba, namijin kuwa da ƙyar yake kai 2. Ba shi da faifan kunne a waje irin na sauran kwaɗi, kuma kukansa siriri ne ƙwarai, sai mutum ya kasa kunne sosai kafin ya ji shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda yake zuwa duniya. Duk wanda ya taɓa leƙa kududdufi da damina ya san hanyar: a zuba ƙwai a ruwa, a ƙyanƙyashe talibambam mai jela yana numfashi kamar kifi, sannan ƙafafu su tsiro, jelar ta shanye, ya hau tudu ya zama kwaɗo. Wannan kuwa bai bi wannan hanya ba sam. Ƙwan yana zama a cikin uwar har ya gama rikiɗa, sai ta haifi 'ya'yanta cikakkun kwaɗi, da ido da ƙafa da komai, kowanne bai fi kan ashana ba. Ma'aikaciyar ta juya wani ƙaramin akwati zuwa ga fitila, ta ce in dubi cikin wata mace da ta manne da gilashin. Fatar cikin tana da shara-shara har ana hango abin da ke ƙarƙashinta, sai na ga wasu ɗigo-ɗigo masu duhu a cunkushe, ɗaya daga ciki ma ya motsa. Na daɗe a sunkuye a wurin har bayana ya ƙage.

Kwaɗin da ke cikin wannan ɗaki jikoki ne na waɗanda suka yi shekara goma suna gudun hijira a Amurka. A shekarar 2009 ƙungiyar IUCN, wadda take riƙe da kundin halittun da ke fuskantar ɓacewa, ta sanya wannan kwaɗo a cikin rukunin waɗanda suka ƙare a daji, wato babu sauransu sai a hannun ɗan Adam. Na karanta labarin tun kafin in zo Tanzaniya, amma da na gan su a cikin gilashi, famfo yana yi musu ruwan da ya kamata dutse ya yi musu, sai na ji ba zan iya komawa ba tare da na ga gidan da aka raba su da shi ba.

Na bi jirgin ƙasa na TAZARA, layin da ƙasar Sin ta taimaka aka shimfiɗa tsakanin 1970 da 1975, wanda ya tashi daga Darussalam ya bi kudu maso yamma har Kapiri Mposhi a Zambiya, tsawon kilomita 1,860. Jirgin ba ya gaggawa. Mun ratsa dajin da yanzu yake cikin Gandun Nyerere da la'asar sakaliya, muka ga raƙuman dawa daga taga, dare ya same mu kafin Ifakara, kuma a cikin duhu na sauka a Mlimba, tasha ta ƙarshe a kwarin Kilombero kafin layin ya fara hawan duwatsu. Sai da gari ya waye na ga inda nake: kwari shimfiɗaɗɗe kore shar a gefe guda, a ɗaya gefen kuma bangon duwatsun Udzungwa ya miƙe tsaye, gajimare ya rufe kansa.

Udzungwa ɗaya ne daga cikin jerin tsofaffin duwatsun gabashin Afirka da suka taso daga kudancin Kenya suka ratsa Tanzaniya kamar baka, waɗanda iskar Tekun Indiya take shayar da su, dazukansu kuma suka yi miliyoyin shekaru ba su bushe ba ko a lokutan da nahiyar ta sha fari. Saboda haka kowane dutse ya zama kamar tsibiri, yana da tsirrai da dabbobin da babu su a ko'ina a duniya sai a kansa. Kogin Kihansi daga saman waɗannan duwatsu yake fitowa, ya gangaro kusan mita 800 a cikin 'yan kilomitoci kaɗan ta wani matsattsen kwazazzabo, kafin ya kwanta a kwari ya haɗu da kogin Kilombero. A cikin wannan kwazazzabo ma akwai wani nau'in itacen gahawa na daji da ba a san shi a wani wuri ba.

Jagorana dattijo ne siriri wanda ya yi shekaru yana hawa da sauka a wannan hanya. Na kira shi Baba tun gaisuwarmu ta farko, shi kuma bai daina ce mini "ɗana" ba har muka rabu. A gindin hawan ya sa na goge tafin takalmina da buroshi, na tsoma su a bokitin magani, kamar yadda aka yi mini a jami'a, shi ma ya yi hakan ba tare da ya tsallake ko lungu ɗaya na takalminsa ba, ga shi kuwa ya yi wannan sau dubbai. Hawan ya ci mana fiye da awa biyu. Hanyar tana da santsi, a wasu wurare an kafa matakala da igiyar riƙewa, saiwoyin itatuwa sun fito kamar jijiyoyin hannun tsoho, kuma duk inda na dafa sai in ji laima. A gefen hanyar, kusan tun daga tsakiya, na lura da wani baƙin bututu yana tafe tare da mu, wani lokaci ya nutse cikin ganye, wani lokaci ya ɓullo a kan dutse. Baba ya ce in riƙe shi a raina, zan gane amfaninsa a sama.

A wuraren da muka tsaya shan iska ne na haɗa labarin, rabi daga bakinsa, rabi daga abin da na karanta. A tsakiyar shekarun 1990 Tanzaniya tana cikin tsananin ƙarancin wutar lantarki, sai aka fara gina tashar Kihansi da rancen Bankin Duniya da wasu masu ba da tallafi na Turai, a ƙarƙashin kamfanin wutar ƙasar, TANESCO. Tsarin aikin abin burgewa ne ga duk mai son injiniyanci: ƙaramar madatsa a saman dutse, sai rami da aka haƙa a cikin dutsen, ruwa ya faɗo ta ciki daga wannan tsayi ya juya injuna uku a ƙarƙashin ƙasa, su ba da megawat 180. Ba a buƙaci babban tafki ba, ba a tashi garuruwa ba, don haka a takarda aikin ya yi kama da wanda ba zai cutar da kowa ba. Binciken farko na illar aikin ga muhalli ya fi mayar da hankali ga saman dutse inda ruwan zai taru. Sai a 1996, bayan gini ya kankama, masu bincike suka kutsa cikin kwazazzabon, suka tarar da wani ƙaramin kwaɗo mai launin ɗorawa wanda babu shi a kowane littafi, dubbansa, a cikin ciyawar da feshin magangarar ruwa yake jiƙawa dare da rana. An ba shi suna a hukumance a 1999. A ƙarshen wannan shekarar ce kuma aka fara karkatar da kogin, kimanin kashi tara cikin goma na ruwansa ya koma bi ta cikin rami.

Duk faɗin ƙasar da wannan halitta ta mallaka bai fi hekta 2 ba, abin da bai kai filin ƙwallo uku ba. Yana cikin mafi ƙanƙantar mazaunin da aka taɓa sani ga wata dabba mai ƙashin baya. Na san wannan adadi kafin in zo, amma saninsa daban, tsayuwa a kansa daban.

Mun fito daga inuwar itatuwa kwatsam, sai ga fili a gangare, babu bishiya, ciyawa ce kawai gajera da tsirrai masu laushi irin na bakin ruwa, ga kuma bangon dutse baƙi a gaba. Ruwa yana zubowa daga samansa, kuma ga wanda bai san jiya ba zai ce magangara ce mai kyau. Amma idan ka dubi faɗin dutsen da ruwa ya goge ya yi sumul tsawon zamunna, ka kwatanta da siririn farin zaren da yake bi ta tsakiyarsa yanzu, za ka ga girman abin da aka ɗauke kamar yadda ake gane girman mutum daga rigar da ya bari. Baba ya ce a da mutum biyu ba sa jin maganar juna a nan sai da ihu, kuma kafin ka ƙaraso filin tufafinka sun jiƙe sharkaf. Mu kuwa muna magana da muryarmu ta kullum.

Sannan na ga inda bututun ya ƙare. Ya rarrabu zuwa ƙananan bututu da aka shimfiɗa a kan filin layi-layi, a kansu kuma an kakkafa kawunan feshi a kan sanduna, ɗaruruwa, kowanne yana watsa ruwa siriri kamar hayaƙi. Babu inji, nauyin ruwan da ke gangarowa daga sama ne yake tura shi. Rana ta bugi feshin sai ƙananan bakan gizo suka tsaya a tsakanin sandunan. Na tsaya a kan katakon da aka shimfiɗa don kada a tattake ciyawar, ruwa yana sauka a fuskata, na rasa ko murna zan yi ko kuka. Ban taɓa ganin wurin da ƙwazon ɗan Adam da ɓarnarsa suka tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar nan ba. Ga mutane sun ɗauko bututu a ka sun hau da shi wannan dutse, kuma har yau akwai masu zuwa suna bin kawunan feshin ɗaya bayan ɗaya suna zare dattin da ya toshe su, duk don a kwaikwayi abin da kogi yake yi a kyauta tun kafin a san lissafin shekaru.

Wanda bai san jikin kwaɗo ba zai yi mamakin yadda raguwar feshi kawai za ta iya kashe al'umma guda. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fatarsa yake tsotsa, musamman fatar ciki da ta cinyoyi. Ta wannan fata kuma yake samun wani kaso na iskar da yake numfasawa, kuma ta nan yake daidaita gishirin jininsa. Fatar ba ta da gashi, ba ta da ɓawo, ba ta da wani shamaki tsakaninta da duniya, don haka sai tana da danshi take aiki, kuma duk abin da ke cikin ruwa ko iska, mai kyau ko mugu, yana samun ƙofa a buɗe. Haka dangin nan suke gaba ɗayansu, da kwaɗi, da masu jela da ake kira salamanda, da waɗansu marasa ƙafa masu kama da tana da ke zaune a cikin ƙasa. Kwaɗin da suke zaune a wuraren da ake rani sun koyi dabarun jure shi, wasu su binne kansu a laka har ruwa ya dawo. Na Kihansi bai taɓa sanin rani ba. Feshin yana sanyaya masa iska, yana jiƙa masa fata, yana raya ciyawar da ƙananan ƙwarin da yake ci suke zaune a ciki. A nan ma na fahimci amfanin haihuwar da na gani a gilashi, domin a wurin da ruwa yake tafe da irin wannan ƙarfi babu kwantaccen kududdufin da talibambam zai yi girma a ciki.

Da aka janye ruwan, filin ya fara bushewa cikin 'yan watanni. Tsirran tudu suka fara mamaye ciyawar feshi, kwarkwasa ta samu hanyar shiga inda a da laima take hana ta, kwaɗin kuma suka taru a 'yan wuraren da suka rage da danshi. A ƙarshen shekarar 2000, bisa yarjejeniya da gwamnatin Tanzaniya, aka kwashi 499 aka kai su gidan namun daji na Bronx a birnin New York, don a sami na ajiya ko da abin ya ƙi. Aka kuma kafa bututun feshin nan, kuma da farko ya yi aiki har fiye da yadda aka zata: ƙiyasin da aka yi a watan Yunin 2003 ya nuna sun haura 20,000. Baba ya ce a lokacin sai ka duba kafin ka ajiye ƙafa. Daga nan kuma, cikin 'yan makonni, suka zube. Masu ƙirga suka riƙa dawowa da adadin da bai wuce yatsun hannu ba, kuma bayan 2004 ba a sake tabbatar da ganin ko ɗaya ba.

An danganta wannan faɗuwa da abubuwa da dama da suka haɗu a lokaci guda, ciki har da sakin laka daga madatsar, wadda ake zargin tana ɗauke da ragowar magungunan gona daga sama. Amma a jikin gawarwakin an sami abin da masana kwaɗi a duk duniya suka fi tsoro, wato funfunar kitirid, mai suna Batrachochytrium dendrobatidis. Halitta ce da ido ba ya gani, 'ya'yanta suna iyo a ruwa da 'yar jela har su sami fatar kwaɗo, su kutsa cikin saman fatar, su hayayyafa, su sake fitowa su kama na kusa. Fatar sai ta yi kauri ta riƙa saɓulewa, ta kasa shigar da gishirin da jini yake buƙata, sodiyam da fotashiyam su ragu, daga ƙarshe zuciya ta tsaya. Kwaɗon ba ya nuna rauni a jiki. Za ka same shi zaune ne kawai, ƙafafu a sake, idan ka kifar da shi ba zai iya juyowa ba. Funfunar tana son sanyi da laima, tana son cunkoso, kuma tana iya tafiya a cikin jiƙaƙƙiyar laka a tafin takalmi. Filin Kihansi bayan an matse kwaɗinsa wuri guda ya ba ta duk abin da take so. A nan ne wanke takalmin da aka sa ni yi sau biyu ya daina zama mini ƙa'idar ofis.

Abin da ya faru a wannan ɗan fili reshe ne na wani babban al'amari. A 1989, a taron farko na duniya na masana kwaɗi da dabbobi masu jan ciki da aka yi a Kantabari ta Ingila, masu bincike daga nahiyoyi daban-daban suka gano cewa kowannensu yana da labari iri ɗaya, na rafin da ya saba cika da kwaɗi ya wayi gari shiru. A wannan shekarar ce aka yi wa kwaɗon zinariya na Monteverde a Kosta Rika ganin ƙarshe, a cikin dajin da ake karewa, inda babu mai saran itace. Sai a 1998 aka gano cutar, aka ba funfunar suna a 1999, kuma binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2018 ya nuna asalinta gabashin Asiya ne, cinikin dabbobi tsakanin ƙasashe ya yaɗa ta. Wani babban nazari na 2019 ya danganta ta da raguwar nau'o'i 501 na kwaɗi da danginsu, waɗanda 90 daga cikinsu ake kyautata zaton sun ƙare. Ƙididdigar duniya ta biyu a kan kwaɗi da danginsu, wadda ta fito a 2023 bayan an auna nau'o'i sama da 8,000, ta nuna kashi 41 cikin ɗari suna cikin haɗarin ɓacewa, abin da ya sa wannan dangi ya fi tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa shiga uku. Duk da sunan da cutar ta yi, babban mai cinye su har yanzu shi ne rasa mazauni, ta hanyar noma da sare daji da gine-gine, ga kuma sauyin yanayi yana ƙara nauyi. A Kihansi an fara taɓa gidan, sannan cuta ta zo ta tarar da mai gidan a raunane.

Su ma 499 ɗin da aka kai Amurka ba su sami sauƙi nan da nan ba. Babu wanda ya taɓa kiwon irinsu, aka sha fama da tsutsar huhu da ƙarancin sinadaran abinci da rashin dacewar haske da ruwa, har suka ragu zuwa ƙasa da ɗari. Masu kula da su a Bronx da gidan namun daji na Toledo a jihar Ohayo suka yi ta gwaji, suna canza ruwan feshi, suna canza fitila, suna kiwon ƙananan ƙwari na musamman don jariran da bakinsu bai kai ya kama ƙuda ba, har adadin ya juyo ya kai dubbai. A watan Agustan 2010 aka dawo da 100 na farko Darussalam a jirgin sama, sannan a watan Oktoban 2012 aka saki kimanin 2,000 a wannan fili da nake tsaye a kai, aka kuma ci gaba da ƙaro wasu a shekarun da suka biyo. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba. Rufe ƙofar madatsa aikin yini guda ne, ga shi an shafe fiye da shekara ashirin ana tsalle.

Muna zaune a kan wani dutse a gefen filin na tambayi Baba ko yana ganin da ba a gina tashar ba ya fi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, na ga mace tana naƙuda a hasken fitilar kananzir, ba zan ce maka wuta ba ta da amfani ba. Abin da yake damuna shi ne ba a hau an duba ba kafin a fara." Na yarda da shi, kuma har yau ban sami abin ƙarawa a kan maganarsa ba sai kaɗan. Ba na cikin masu ganin cewa talaka ya zauna a duhu don kwaɗo ya rayu, kuma ina jin haushin duk wanda yake zaune cikin hasken lantarki yana yi wa wanda ba shi da shi wa'azin haƙuri. Amma zaɓin da ke gaban masu tsara aikin bai kasance tsakanin wuta da kwaɗo ba. Da an shiga kwazazzabon tun kafin a zana taswira, da an san nawa ne ruwan da dole a bar wa magangarar, an gina tashar a kan wannan lissafi, kuma da kuɗin da aka kashe daga baya a kan bututu da jiragen sama da ɗakunan sanyi a nahiya biyu sun yi wani aikin. Kwazazzabon yana da wuyar hawa, gaskiya ne, ƙafafuna shaida ne, amma awa biyu ce.

Sauran yinin mun ba da shi ga nema. Baba ya nuna mini yadda ake yi: a tsuguna a kan katako, a sa bayan hannu a ɗaga ganye a hankali, a duba ƙasansa da jikin kara, a kuma duba tsagar jiƙaƙƙen dutse inda suke son taruwa. Ruwan feshi yana gangarowa ta wuyan rigata, yatsuna suka yi yaushi, gwiwoyina suka yi sanyi. Na ga ƙananan ƙwari masu tsalle, na ga gizo-gizo ya yi saƙa mai ɗigon ruwa a kowane zare, na ga matsattsaku guda ya miƙe yana laluben iska. Sau ɗaya zuciyata ta buga da na hangi wani abu rawaya a ƙarƙashin ganye, na kira Baba da raɗa, ya matso ya duba, ashe busasshen fure ne ya faɗo ya manne. Can kusa da ruwan kuma muka ga wani kwaɗo mai launin dutse ya baje yatsunsa a kan santsi, na wani nau'in ne dabam, ya dube mu ya yi tsalle ya shige bayan ruwa. Wanda na zo dominsa ban gan shi ba. Baba bai yi mini alkawarin komai ba tun a ƙasa, kuma bai nemi ya rarrashe ni ba a sama. Ya ce akwai ranar da ake gani, akwai ranar da ba a gani, halitta ce ƙarama kuma ciyawar tana da yawa.

Kafin mu juya ya lura da wani kan feshi a layi na uku da ya daina watsawa, ruwa yana ɗiga daga bakinsa kawai. Ya bi katakon ya je, ya kwance shi, ya zaro wata 'yar siririyar waya daga aljihun rigarsa ya zura a ramin, ya busa, ya mayar ya ɗaure. Feshin ya dawo, ya buɗe kamar laima a kan ciyawar da ta fara yin haske don bushewa, muka tsaya muna kallo har ta sake yin duhu da ruwa. Sannan ya mayar da wayar aljihu, ya ce mu sauka kafin hazo ya rufe hanya, domin akwai sauran wankin takalmi yana jiranmu a ƙasa.